Lissafin Maƙabarta: Yadda Aka Bi Sawun Korona a Birnin Kano

A tsakiyar watan Afrilu na shekarar 2020 masu haƙa kabari a birnin Kano suka fara faɗin wata magana da ba ta cikin rahoton kowace hukuma. Suka ce gawawwakin da ake kawo musu a yini guda sun ninka abin da suka saba gani, kuma akasarinsu na dattawa ne. A ranar 11 ga wannan wata ne aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a jihar, saboda haka alƙaluman hukuma ba su nuna wani abin tashin hankali ba tukuna. To, wa ya fi gaskiya, takarda ko maƙabarta? Amsar wannan tambaya za ta nuna wa mai karatu yadda masana ke bin sawun annoba, da kuma inda ƙoƙarinsu yake tsayawa.

Hanya ta Farko: Gwaji da Bin Sawu

Ƙwayar korona tana bin numfashi ne daga wannan mutum zuwa wancan, kuma takan yi kwana 2 zuwa 14 a jiki kafin alamunta su bayyana. Wani ma ba zai ji komai ba har ya rabu da ita, alhali kuwa yana ta rarraba wa jama'a. Don haka ba a gane mai ita da ido. Sai an lakato majina daga can cikin hanci an kai ɗakin gwaji, inda na'ura za ta riɓanya ɗan abin da aka samu na ƙwayar har ya kai yadda za a iya ganewa. Wannan shi ake kira gwajin PCR. A wancan lokacin, idan an tabbatar, sai ma'aikata su bi duk waɗanda mutumin ya cuɗanya da su, a killace su kwana 14 ana lura da su.

Dabarar tana da kyau, amma fa wanda aka gwada kaɗai take ƙirgawa. A Kano, birni mai miliyoyin mutane, ɗakin gwaji ɗaya ne ke aiki a lokacin, shi ma ya dakata na wasu kwanaki a cikin watan na Afrilu. Ranar da ba a yi gwaji ba, takarda za ta nuna ba a sami kowa ba, ita kuwa cuta tana nan tana tafiyarta. Rashin gani ba ya nufin rashin akwai.

Hanya ta Biyu: Ƙirga Mamata

Akwai wata tsohuwar dabara da ba ta buƙatar na'ura. Tun a 1662 wani ɗan kasuwa a birnin Landan mai suna John Graunt ya tattara takardun mace-mace na mako-mako, ya nuna cewa mutuwa ma tana da tsarin da ake iya lissafawa. Kowane gari yana da adadin da ya saba binnewa. Idan adadin ya hau farat ɗaya, bambancin da ke tsakani shi ne rarar mace-mace, kuma shi ne ma'aunin ainihin ɓarnar annoba.

Matsalar ita ce mafi yawan mace-mace a ƙasarmu ba a yi musu rajista. Mutum ya rasu a gida da safe, kafin la'asar an yi masa sutura kamar yadda addini ya tanada, babu likitan da ya rubuta dalili. Da farko gwamnatin jiha ta danganta mace-macen da hawan jini, ciwon suga, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai Gwamnatin Tarayya ta turo ayarin masana, suka duba bayanan maƙabartu, suka kuma yi abin da ake kira binciken baka. Wato a zauna da iyalan mamaci a yi musu tambayoyi a tsare: ya yi zazzaɓi? Ya yi tari? Numfashinsa ya sarƙe? Kwana nawa ya yi yana jinya? Daga amsoshin sai likitoci su yi kirdadon abin da ya fi yiwuwa shi ne sanadi.

A watan Yuni na 2020 Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon. An sami mace-mace 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kimanin mutum 43 a kullum, alhali abin da aka saba bai wuce 11 ba. Ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadinsu, kuma akasarin mamatan sun haura shekara 65. Gwamnatin jiha ta yi nata binciken, ta fito da kaso mai ƙasa da wannan sosai. Saɓanin ba abin mamaki ba ne, domin zazzaɓi da tari alamu ne na cututtuka da dama, ga shi kuma korona ta fi kayar da wanda dama yake fama da suga ko hawan jini.

Abin lura a nan shi ne, daga kamuwa zuwa rasuwa yakan ɗauki makonni. Rahoton ya ce mace-macen sun fi tsanani a mako na biyu na Afrilu. Ke nan waɗanda korona ta kashe a cikinsu sun kamu tun a watan Maris, kafin a tabbatar da mutum na farko. Maƙabarta ba ta ƙarya, amma labarin jiya take bayarwa.

Abin da Jinkiri Ya Jawo

Wanda ba ya ganin inda wuta take, dole ya watsa ruwa ko'ina. An sa dokar kulle a Kano daga 16 ga Afrilu, sannan a ranar 27 ga wata Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara makonni 2, ana cikin azumin Ramadan. Kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari suka kasance a rufe. Ɗan dako, mai tura baro da mai tallar abinci, waɗanda sai sun fita suke samun na cefane, su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Masu ciwon suga da hawan jini da dama sun rasa kulawa, wasu saboda an taƙaita aiki a asibitoci, wasu saboda tsoron zuwa. Haka kuma gwamnonin Arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu na asali, aka kuwa sami masu ɗauke da cutar a cikin waɗanda aka kai Kaduna daga Kano.

Ba Kano kaɗai ce takarda ta gaza ba. Binciken jini da hukumar NCDC ta yi a ƙarshen 2020 ya nuna kimanin mutum 23 cikin ɗari a Legas sun taɓa kamuwa, adadin da ya zarce na gwaji nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta rarar mace-mace miliyan 14.9 a shekarun 2020 da 2021, alhali ƙasashe sun ba da rahoton kimanin miliyan 5.4.

Kammalawa

A ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora wa korona, amma wata annobar ba za ta aiko da goron gayyata ba. Kano ba baƙuwa ba ce ga aikin sa ido: tun 2011 ake ɗibar ruwan kwatocin birnin ana neman ƙwayar shan-inna, kuma da irin wannan dabara ƙasashe da dama suka riƙa hango hauhawar korona kafin asibitoci su cika. Sai dai akwai abin da ya fi wannan araha. Littafi guda a ƙofar kowace maƙabarta, a rubuta rana, shekarun mamaci da unguwarsa, mai unguwa ya miƙa wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma duk mako. Da akwai wannan tsari a 2020, da maganar masu haƙa kabari ba ta zama abin gardama ba, da ta zama hujja tun a makon farko.