Hatimin Waziri da Kan Takardar Faks

Tun kafin a kafa turken wayar tangaraho a ƙasar Hausa, mutanen Sakkwato sun san cewa wasiƙa ba ta da daraja sai an tabbatar da hannun da ta fito, gama a gidan Waziri, tun daga Gidado ɗan Laima har ya zuwa Waziri Buhari, nan ake rubuta takardun Sarkin Musulmi zuwa ga sarakunan Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa, a buɗe da bisimilla da salati, a ambaci mai aikowa da wanda aka aika wa, kana a buga hatimi. Al'adar kuwa tana da asali a sunna, domin ya inganta cewa sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa Rumawa, aka shaida masa ba su karanta takarda sai mai hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa. Wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Waziri Buhari bayan sun ci birnin a watan Maris na 1903, su ne wani Bature mai suna Backwell ya buga fassararsu a 1927.

Abin da ya gaji hatimi a ofisoshin yau shi ne kan takarda, watau sunan ma'aikata da tambarinta da adireshinta da lambar wayarta, waɗanda ake bugawa a saman shafi. To, ko da yake na'urar faks, wadda wani mutumin Sikotlan, Alexander Bain, ya aza harsashinta tun 1843, ta yi ƙaranci a wurinmu bayan layukan tarho na NITEL sun mutu, har yanzu akwai asibitoci da kotuna a Jamus da Japan da Amurka da suke aiki da ita, saboda haka ɗan kasuwa ko malamin jami'a a Sakkwato yakan bukaci aika musu da faks. Dabarar da aka samo ita ce a rubuta imel a kwamfuta, wani kamfani ya karɓa ya mayar da shi hoton shafi, ya tura ta layin tarho. Sai dai imel tsirara yake fita, ba tambari ba adireshi, in ba an riga an ajiye hoton kan takarda a wurin kamfanin ba, yadda zai riƙa ɗora shi bisa kowane saƙo.

A nan ne akawu da yawa ke tuntuɓe. Faks ba ta san launi ba, baƙi da fari kawai take gani, tana yanka faɗin shafi ɗigo 1728, kowane ɗigo imma baƙi imma fari. Don haka tambarin da aka ƙawata da kore da ruwan zinariya, wanda ya yi kyau a fuskar kwamfuta, yakan isa can kamar an zubar da tawada, siraran layuka su ɓace, ƙananan baƙaƙe su cuɗe. Wajibi ne a zana wani tambari na daban, baƙi ƙirin bisa fari, da manyan haruffa, kada kuma ya cinye rubu'in shafi, sa'an nan a jarraba aikawa tukuna a ga yadda ya fito. Magatakardan da ya saba da alƙalamin kara da tawadar ƙaro, ina zato, da bai sha wahalar fahimtar wannan ba.

Amma fa akwai bambanci babba da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Hatimi ƙarfe ne guda ɗaya a hannun amintacce, alhali kan takarda hoto ne da duk wanda ya taɓa samun wasiƙarka zai iya kwafa. Da irin wannan ne 'yan damfara, waɗanda aka laƙaba wa 419 saboda sashen dokar da ya hukunta laifinsu, suka yi ta aika faks zuwa ƙasashen waje cikin shekarun 1990 da tambarin Babban Bankin Nijeriya na jabu. Saboda haka idan faks ta zo tana neman a biya kuɗi ko a sauya lambar asusu, akawu mai hankali yakan ajiye ta gefe, ya buga waya ta lambar da ya sani tun da, ba wadda aka rubuta a saman takardar ba, ya ji daga bakin mai ita.