Baƙin Allo da Danne-Danne: Hanyoyi Biyu Na Yi Wa Kwamfuta Magana

Idan ka taɓa tsayawa kusa da mai sayen hatsi ko dabino a kasuwar Shuwarin da ke ƙaramar hukumar Kiyawa, mai yiwuwa ka ga wannan: an gama ciniki, ya ciro 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai, ya danna tauraro, ya jero lambobi, ya rufe da alamar #, kuɗi suka tafi. Bai buɗe manhaja ba, bai taɓa hoton komai ba. Abin da mutumin nan ya yi ɗan'uwan abin da masana kwamfuta ke kira layin umarni ne, wato baƙin allon nan da ake nunawa a finafinai, inda wani ke ta zuba rubutu kamar mai haɗa tsafi.

Hanyoyi biyu ne manya da ake yi wa kwamfuta magana. Ta farko ka rubuta mata abin da kake so da kalmomin da ta sani, ka danna Enter, ta aiwatar. Ta biyu ita ce ta shimfiɗa maka 'yan hotuna da jerin zaɓi, kai kuma ka nuna wanda kake so da linzamin kwamfuta ko da yatsa. Ta biyun ce kowa ya saba da ita a Windows da wayoyin Android, har wasu na zaton ta farkon ta mutu tun tuni.

Mu koma kan wayar nan, don a nan ne bambancin ya fi fitowa. Mai asusu a GTBank yana iya danna *737# kawai, sai jerin zaɓi ya fito, ya karanta, ya zaɓi lamba, wani jerin ya sake fitowa, a haka har ya kai ga tura kuɗi. Yana kuma iya rubuta komai a layi ɗaya: *737*2*, sai adadin kuɗi, sai tauraro, sai lambar asusun wani banki, sai #. Na farkon ba ya buƙatar ka riƙe komai a ka, idonka zai gane abin da kake nema idan ya gan shi. Na biyun ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma sai ka haddace tsarin, kuma idan ka sauya wurin lamba ɗaya, ko dai ya ƙi tafiya ko ya yi abin da ba ka nufa ba.

Masu nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki sun daɗe da sanin cewa gane abu idan an gan shi ya fi tuno shi daga babu sauƙi. Kana iya gane fuskar wanda kuka yi firamare tare alhali sunansa ya ɓace maka fat. Tsarin hotuna ya jingina ne da ganewa, layin umarni kuma da tunowa. Kusan duk wani bambanci da za ka ji ana faɗa tsakaninsu daga nan ya samo asali.

Layin umarni ne yaya. Da shi aka gina Unix, babbar manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs ta Amurka a 1969, kuma da shi MS-DOS ta zo a 1981. Douglas Engelbart ya nuna wa jama'a linzamin kwamfuta a 1968, kamfanin Xerox ya ƙera kwamfutar Alto mai tagogi da hotuna a 1973, amma sai da Macintosh ta fito a 1984, Windows kuma a 1985, sannan abin ya fara isa hannun mutanen gari. Wannan sauyi ne ya sa wanda bai karanci kwamfuta ba zai iya zama gabanta ya yi aiki, kuma ba ƙaramin alheri ba ne.

To me ya sa tsohuwar hanyar ba ta tafi ba?

Ka ɗauka kai ne mai kula da rajistar ɗalibai a wata sakandare a Kiyawa, an ba ka hotunan fasfo ɗari huɗu a folda ɗaya, haɗe da wasu takardu, aka ce ka ware hotunan. Da linzami za ka yi, amma za ka sha danne-danne. A layin umarnin Windows, `mkdir hotuna` zai buɗe sabuwar folda, `move *.jpg hotuna` kuma zai kwashe duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .jpg ya zuba a ciki. Tauraron nan ma'anarsa "ko mene ne sunan". Ko hotunan huɗu ne ko dubu arba'in, layin bai ƙara tsawo ba. Wahalar danne-danne tana ƙaruwa ne daidai da yawan aiki, ta rubuta umarni kuwa ba ruwanta da yawa.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurinmu masu bincike. Umarni rubutu ne, rubutu kuma ana ajiye shi. Idan ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutse ya tace bayanan da ya tattaro daga manoma ta hanyar danna nan da can, bayan wata shida malaminsa ya tambaye shi yadda ya samu wannan adadi, da wuya ya tuna duk inda ya taɓa. Idan kuwa umarni ya jera a fayil, ga su nan layi-layi. Kowa na iya karantawa, ya sake gudanar da su, ya ga ko za a samu amsa iri ɗaya, ya kuma gano inda kuskure ya shiga. Ana iya tura fayil ɗin ta WhatsApp. Motsin hannu a kan linzami ba ya turuwa.

Akwai kuma dabarar haɗa umarni da umarni, wadda Doug McIlroy ya kawo shawararta aka saka a Unix a 1973. A Linux, `grep Kiyawa rajista.csv | wc -l` na nufin: tsamo duk layin da ke da kalmar Kiyawa, ka miƙa wa mai ƙirga layuka. Ƙananan kayan aiki biyu, kowanne da sana'arsa guda, sandar da ke tsakiya ta haɗa su. Babu wanda ya tsara wata manhaja ta musamman don wannan tambayar, kai ka ƙera ta nan take.

Sai batun da ya fi shafar mu a nan: netwok. Rubutu ba shi da nauyi. Dalilin da ya sa lambobin tauraro ke aiki a ƙauyen da manhajar banki ke ta juyi ba ta buɗe ba shi ne ba sa buƙatar data ko kaɗan, ta layin kira suke bi. Haka mai kula da uwar garken da ke Legas ko Turai yake iya sarrafa ta daga Dutse ta hanyar da ake kira SSH, haruffa kawai ke kai da kawowa. Mafi yawan irin waɗannan kwamfutoci ba a ma jona musu allon kallo ba. Tun daga Nuwamban 2017, duk manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya Linux suke amfani da ita, kuma ta rubutu ake ba su aiki.

Amma fa kada wani ya ruɗe ka cewa baƙin allo alamar gwaninta ce, danne-danne kuma na 'yan koyo. Wannan cika baki ne kawai. Gyaran hoto, zanen katin biki, duba taswira, duk aikin da ido ne alƙalinsa, hotuna sun fi. Haka duk aikin da sau ɗaya za ka yi shi a shekara, haddace umarninsa ɓata lokaci ne. Ga kuma shingen harshe: umarnin nan guntayen kalmomin Turanci ne, `cd` da `ls` da `rm`, babu abin da suke tuna wa Bahaushe, alhali hoton kwandon shara kowa ya gane shi. Ko da yake shi ma linzamin koyonsa ake yi. Ai shi ya sa a jarrabawar JAMB ta kwamfuta aka ba ɗalibi damar amsawa da madannan A, B, C da D, ya matsa gaba da N, ya koma baya da P, saboda da yawa ba su taɓa riƙe linzami ba kafin ranar.

Kuma layin umarni ba ya ja-in-ja da mai shi. Idan ka goge fayil da linzami, yawanci kwandon shara yake faɗawa, kana iya dawo da shi. Umarnin `rm` ba ya bi ta kwando. A 1998, ana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya rubuta umarnin gogewa a inda bai kamata ba, kusan kashi 90 cikin ɗari na aikin ya tafi, ajiyar ko-ta-kwana kuma aka tarar ba ta aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su shi ne kwafin da wata ma'aikaciya, Galyn Susman, ke da shi a gida saboda tana jego tana aiki daga can. Ƙarfin da ke kwashe hotuna ɗari huɗu da layi ɗaya shi ne dai ke share su da layi ɗaya. Don haka duk umarnin da ka kwafo daga intanet ko wani ya turo maka, kada ka danna Enter sai ka san abin da kowace kalma ke yi.

Idan kana son gwadawa ba tare da haɗari ba, ga wanda zai iya tsare maka kuɗi. Ka je sayen kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, a Dutse ko a Farm Centre ta Kano, mai shago ya rantse batir garau yake. Danna madannin Windows tare da R, rubuta `cmd`, danna Enter. A baƙin allon da ya fito rubuta `powercfg /batteryreport`. Kwamfutar za ta haɗa rahoto ta gaya maka inda ta ajiye shi. Buɗe shi ka nemi layi biyu, Design Capacity da Full Charge Capacity. Na farko ƙarfin batirin ne ranar da ya bar masana'anta, na biyu abin da yake iya ɗauka yau. Idan na biyun bai wuce rabin na farko ba, sai ka cire kuɗin sabon batir daga farashin kafin ku ci gaba da ciniki.