Idan Sitiyarin Hilux Ya Fara Ja Gefe, A Duba Taya Kafin A Kwance Mota

Duk wanda ya san unguwar Briketeri, unguwar Hausawa a birnin Yawunde, ya san yadda ake loda atamfa da shadda a bayan a-kori-kura ana nufar kasuwar Kye-Ossi da ke iyakar Gabon da Ikwatoriyal Gini, ko Garuwa-Bulai a bakin iyakar Afirka ta Tsakiya. Yawancinmu da Toyota Hilux muke wannan fatauci, motar da ta fito a 1968, aka kuma fara yin mai jan ƙafa huɗu a 1979. Kukan da muka fi ji a gareji iri biyu ne: mota tana ja gefe guda, ko sitiyari yana cijewa a kwana. Sau da yawa akan kashe kuɗi wajen sauya akwatin sitiyari, alhali ciwon ba a nan yake ba.

Mu fara da ja. Titi yakan ɗan gangara gefe don ruwa ya sauka, kuma tunda a hannun dama muke tuƙi, ɗan karkata zuwa dama ba ciwo ba ne. Idan jan ya yi ƙarfi, a je wurin mai faci a auna iska, domin mota tana bin tayar da iskarta ta yi ƙasa. A duba lodi ma, kada diloli su taru a gefe ɗaya. In duk wannan daidai ne, a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. Idan jan ya sauya gefe, laifin taya ne. Idan bai sauya ba, a yi 'yar tafiya a tsaya, a kusantar da hannu ga kowane wili. Wanda ya fi zafi, birkinsa ne ke riƙewa. Sai bayan nan za a je saitin ƙafa, wanda kanikawan Kano ke kira alaimen, na Yawunde kuma paralelizim.

Cijewar sitiyari kuwa, babban dalilinta mantuwa ce. Da damina mukan sa giyar 4H don mu fita daga jan taɓo, sai mu hau kwalta ba mu cire ba. A irin waɗannan motoci, 4H yana ɗaure ƙafafun gaba da na baya su juya tare, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya nisan tafiya. A cikin laka taya kan ɗan zame, matsin ya fita. A kan kwalta babu zamewa, sai sitiyari ya yi tauri, taya ta riƙa tsalle, har ƙarafan da ke kai ƙarfi ga ƙafafu su lalace. A mayar da ita 2H, in ta ƙi fita a ja da baya kaɗan a miƙe. Mai tsohuwar mota da ake kulle cibiyar tayoyin gaba da hannu ya tabbatar ya buɗe duka biyun.

Idan a 2H ma tana cijewa, a duba man sitiyari da bel ɗinsa. Sannan a ɗaga gaba da jak, a kashe inji, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Taurin da ke zuwa yana tafiya a wurare ɗaya yawanci tsatsa ce a gwiwar sandar sitiyari. Ƙarar ƙas-ƙas a kwana kuma ta gwiwar shaf ɗin gaba ce, wadda robarta ta yage ƙasa ta shiga.

Mai kaya ya tsaya a kai a bi wannan jeri daki-daki kafin ya biya kuɗin sabon ƙarfe. Motar da sitiyarinta ke cijewa kuwa kada a ɗora mata lodi a kama hanyar Ebolowa da Ambam, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah Ya kiyaye hanya.