Alam Ɗin Mota Mai Rimot: Daga Ina Matsala Take Fitowa?

Alam ɗin mota na zamani aiki uku yake yi: ya yi ƙara idan an taɓa mota, ya tayar da inji daga nesa, ya kuma rufe gilasai da zarar an danna rimot. A ƙasashen sanyi irin su Kanada ana tayar da inji daga nesa don mota ta yi ɗumi kafin a shiga. A Kano ko Maraɗi kuwa don esi ya kori zafin watan Afrilu. Sai dai zance ya yi yawa a garejoji cewa alam na shanye batir, yana ƙona ƙwaƙwalwar mota, har ya haddasa gobara. Duk suna faruwa, amma galibi laifin na hannun da ya haɗa wayoyin ne.

Lafiyayyen alam kan ja miliamfa 20 zuwa 30 ne idan mota na ajiye. A batir mai amfa-awa 60, abin da zai sha a mako guda bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Idan batir ya mutu a kwana biyu, ko dai dama ya gaji, ko kuma an jona wata waya a inda take hana sassan motar yin barci bayan an cire makulli.

Gobara kuwa daga babbar wayar wuta take tashi. Ƙa'ida ita ce a sa fiyus daf da inda aka ɗauko wutar, domin idan wayar ta goge a jikin ƙarfe, fiyus ya narke kafin roba ta kama. Wanda ya leƙa ƙarƙashin sitiyarin motoci da yawa zai ga akasin haka: an fere waya da reza, an murɗa wata a kai, an naɗe da baƙin salatif wanda zafi ya riga ya sassauta. Wani ma idan fiyus ya ƙone sai ya maye gurbinsa da silin waya. Haɗi na kirki da dalma ake liƙe shi, kuma ba a kusantar wayoyi masu ruwan ɗorawa, domin na jakar iska ne.

Tayar da inji daga nesa shi ne ɓangare mafi wuya. Na'urar tana kwaikwayon makulli ne: ta ba wayar kunna mota wuta, ta buga kik, ta sake shi da zarar ta ji inji ya kama. Akwai kuma wayoyin kariya da masu gaggawa kan tsallake: ta burki, mai kashe inji idan an taka shi babu makulli, ta bonet, mai hana mota tashi yayin da hannun makanike ke kusa da fanka, da wadda ke tabbatar da cewa mota ba ta cikin giya. A mota mai giyar hannu, rashin wannan ta ƙarshe na iya sa ta zabura ba kowa a ciki. Haka nan tayar da ita a rufaffen gareji na tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari amma tana kisa.

Daga 1998 dokar Turai ta wajabta wa sabbin motoci na'urar da ke hana inji tashi sai ta gane 'yar ƙwayar da ke cikin makulli. Domin rimot ya yi aiki, wasu masu rewaya kan ɓalle ƙwayar su manna ta a bakin ramin makulli har abada. Wannan daidai yake da a kulle gida a bar makulli ƙarƙashin tabarmar zaure. Akwai ƙaramar na'ura da aka yi don wannan aiki, mai buɗe hanya a lokacin da aka danna rimot kaɗai.

Ƙwaƙwalwar mota kuma tana lalacewa ne ta wajen lalube. Motocin da aka sayar a Amurka daga 2008, waɗanda su ne da yawa ke shigowa ta Legas da Kwatano, suna da tsarin CAN, inda kwamfutocin mota ke aika wa juna saƙo ta siraran wayoyi biyu a murɗe. Soka musu fitilar gwaji ko ba su bolt 12 ya isa ya jawo asara. Mita da taswirar wayoyin motar ake bukata.

Gilas yana hawa ko sauka ne gwargwadon yadda aka juya wa ɗan injinsa wuta, don haka ana bi ta rila, kuma na'urar na yanke wuta idan ta ji nauyi ya ƙaru. Idan ba a daidaita wannan ba, gilas zai matse hannu ko wuyan yaro. Ana gwadawa da naɗaɗɗen tsumma kafin a karɓi mota.

Kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa da Panteka cike suke da irin waɗannan na'urori, amma da wuya mai mota ya tambayi inda aka sa fiyus ko abin da aka yi da ƙwayar makullinsa. Ya fi damuwa da ragin kuɗin aiki, alhali waɗannan tambayoyi biyu su ke raba aiki mai kyau da na ganganci.