Kirsimetin da Na Yi Shakka a Kwatano

A Disambar 2019, kusan wata huɗu ke nan da Najeriya ta rufe iyakokinta. Buhunan shinkafata na jibge kusa da Seme, masu bashi na ta kira, ni kuma ina zaune a kasuwar Dantokpa. Gaskiya, addu'a ma ta fita raina. Na ce, anya Allah na ganina kuwa?

Saura kwana goma Kirsimeti aka karanta mana Matiyu sura 11 a coci. Yahaya Maibaftisma, wanda ya yi wa Yesu baftisma da hannunsa, yana kurkuku, ya aika a tambayo ko shi ne ake jira. Ashe shi ma! Yesu bai tsawata masa ba, ya ce manzannin su koma su faɗa masa abin da suka gani. Kuma fa Yahaya bai fita daga kurkukun nan ba.

Sai ni ma na duba abin da na gani. Maƙwabcina a rumfa, wani Alhaji ɗan Maraɗi, kullum sai ya ce, "Ɗan'uwa, matso mu ci." Shi ya biya min hayar ɗaki ta wata biyu, bai taɓa tada maganar ba.

Ba a buɗe iyakar ba sai Disambar 2020. Rabin shinkafar ta lalace.