Fuska, Gefe da Kusurwa: Lissafin da Ke Taimakon Mai Sana'a

Jama'a, duk abin da aka ƙera da fuskoki shimfiɗaɗɗu, kamar akwati ko tankin ruwa mai kusurwa, yana da abubuwa uku. Akwai fuska, watau shimfiɗaɗɗen ɓangarensa. Akwai gefe, inda fuska biyu suka haɗu. Akwai kuma kusurwa, inda gefuna uku ko fiye suka gamu.

A shekarar 1750 wani malamin lissafi, mutumin ƙasar Suwizalan, mai suna Leonhard Euler, ya bayyana ƙa'idar da ta haɗa su: a tara yawan fuskoki da na kusurwoyi, a ɗebe biyu, abin da ya rage shi ne yawan gefuna. Ƙa'idar tana aiki a kan kowane irin wannan abu, muddin ba shi da rami ko huji.

Ga misali. Akwati yana da fuska 6 da kusurwa 8. Shida da takwas 14 ke nan, a ɗebe biyu saura 12. In ka ƙidaya gefunan akwatinka, 12 za ka samu.

To, mene ne amfanin wannan? A ce mai walda a Sauka Kahuta, cikin Minna, an ba shi aikin shagon ƙarfe mai rufi mai gangara biyu. Daɓe ɗaya, bango huɗu, rufi biyu, fuska 7 ke nan. Kusurwoyi kuwa 10 ne: huɗu a ƙasa, huɗu a saman bango, biyu a ƙoƙuwar rufi. Saboda haka firam ɗin yana bukatar sandar ƙarfe 15, ban da ƙofa da tokare. In ya rubuta wa mai aiki 13, to ya san ya manta biyu tun bai je kasuwa ba, ya tsira daga asara da jayayya.

Har ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari, irin wadda aka buga a gasar Kofin Duniya ta 1970 a Meziko, tana bin wannan ƙa'ida. Tana da ƙyallen fata 32 da kusurwa 60, ɗinkinta kuwa 90.

Don haka muna kira ga iyaye da malamai da masu koyar da sana'a, su ba yara kwalin ashana su ƙidaya da hannunsu. Abin da yaro ya ƙidaya da kansa ba ya saurin mantawa.