Wa ke iya taka wa dokar gwamnati burki? Daga kotun Amurka zuwa ta Yamai

Ranar 27 ga Yunin 2025, Kotun Ƙolin Amurka, da ƙuri'a 6 a kan 3, ta rage ikon alƙalan tarayya. A da, alƙali guda a wata jiha yana iya dakatar da umarnin shugaban ƙasa a faɗin ƙasar. Yanzu hukuncinsa ya fi shafar waɗanda suka shigar da ƙara. Abin ya taso ne daga umarnin Donald Trump na hana wasu jarirai da aka haifa can takardun zama ƴan ƙasa.

Mai karatu a Agiye ko Gidan Rumji zai ce: mu ina ruwanmu? A tsarin da muka gada daga Faransa, alƙalin gunduma bai taɓa samun wannan iko ba. Yana raba rikicin gona da gado da bashi, amma ba ya soke dokar da gwamnati ta sa wa hannu. Aikin manyan kotunan Yamai ne, kuma idan suka soke doka, ta soku ga kowa, daga Gazawa har Bilma. Ke nan ikon yana hannun ƴan tsirarun alƙalai, kuma rufe musu ƙofa ba wuya.

Mun gani a lokacin tazarce. Ranar 12 ga Yunin 2009, Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta soke dokar da Shugaba Tandja Mamadou ya kira zaɓen raba gardama da ita don ƙara wa kansa shekara uku. Ya riga ya rusa majalisar dokoki ranar 26 ga Mayu; ranar 29 ga Yuni ya rusa kotun ita ma. An yi zaɓen ranar 4 ga Agusta. Magoya bayansa na cewa alƙalai bakwai ba za su hana talakawa faɗin ra'ayinsu ba, hujjar da ake ji a Washington yau. Ba hujjar banza ba ce, tun da alƙali ba zaɓensa aka yi ba. Sai dai da aka cire kotu daga hanya, gardamar ba ta mutu ba: sojoji suka raba ta ranar 18 ga Fabrairun 2010.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an jingine kundin 2010, an rusa manyan kotuna, an kafa Cour d'État. Wannan ya iso har ƙofar gidanmu: a Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Kansilan da aka zaɓa a Gazawa, in yana ganin an tauye masa haƙƙi, alƙalin yankinsa ba shi da hurumi. Hanyarsa ɗaya ce, ta Yamai, gaban kotun da hukumar da ta sa hannu kan rusawar ce ta kafa ta.